Tsatsar Besfar Baba

Abu na farko da ciwon mantuwa ya ɗauke wa Baba, surukina, shi ne sunayen jikokinsa. Daga nan ya bi ta kan maƙwabta, sannan wata safiya ya dubi mijina, ɗansa na cikinsa, ya miƙa masa hannu cikin ladabi ya ce, "Sannu, bawan Allah. Wurin wa ka zo?" Mijina ya yi dariya a lokacin, irin dariyar da ake yi don idon mutane. Da muka shiga ɗaki ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafarsa har shayin da na kawo masa ya huce.

Ni Baba bai manta sunana ba, don tun farko bai riƙe shi ba. "Yarinyar nan" nake tun ranar da na shigo gidan, ga shi na haifi uku ina nan a yarinyar nan. Abu ɗaya ya rage da yake ganewa ba sai an tuna masa ba: tsohuwar besfarsa, babur ɗin da ke ajiye a ƙarshen baranda. Da ita ya yi aikin duba mitar ruwa gida-gida har ya yi ritaya. Ta mutu tun kafin aurena. Tayoyinta sun zauna, kujerarta ta tsage soso ya leƙo, tsatsa kuwa ta ci ta har ba ka iya cewa ga launinta. Amma kullum da safe Baba zai fito da sandarsa ya je ya dafa ta, ya tsaya jim, sai ka ga kafaɗunsa sun sauko. A lokacin ne yake yarda ya zauna ya karya, don ya tabbatar a gidansa yake.

Mijina mai fentin mota ne, kuma tsakaninsa da tsatsa akwai tsohuwar gaba. Mutum ne da zai zauna cin abinci, ya hango ɗigon tsatsa a hannun tukunyata, ya tashi neman sanfefa. Shekara da shekaru yana kallon besfar nan yana haɗiyar yawu, Baba ya hana a taɓa. Yanzu kuma sai wani haushi ya ƙaru a kai. Yakan tsaya a ƙofar ɗaki yana kallon uban nasa na shafa ƙarfe, ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Kin gani ko? Ita ya sani."

Ana nan sai gefen ƙarfen gabanta, wanda tsatsa ta mayar kamar zarto, ya yanki Baba a tafin hannu. Aka kai shi asibiti, aka yi ɗinki da allura. Da yamma Yaya ta iso, wato babbar yayar mijina. Yaya ba ta kawo shawara, hukunci take kawowa, kuma ko mayafinta ba ta ajiye ba ta yanke shi.

"A kira masu sayen tsohon ƙarfe su kwashe ta yau ɗin nan."

"Ba za a sayar ba," in ji mijina. "Gyara ta zan yi."

"Ka gyara ta ka kai ta ina?"

"Ba inda zan kai ta. Yaya, a kanta Baba yake kai ni makaranta, ina tsaye a gabansa, haɓarsa a kan kaina. Wannan da yake dafawa gawarta ce. In ya gan ta yadda take a wancan lokacin, zai tuna wanda yake ɗauka a kai."

Tausayinsa ya kama ni, amma tsoro ya fi tausayin yawa, don ni nake wuni da Baba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ce, "Baban yara, da ka bar ta yadda take. A tsaga tiyo a lulluɓe bakin ƙarfen, shi ke nan. Kada garin neman gira a rasa ido."

Ya dube ni kamar na ce a zuba masa yashi a fenti. "Ke ba ki san tsatsa ba. In kika rufe ta, gata kika yi mata."

Washegari da rana, Baba na barci, mijina ya ja ta da ƙyar zuwa sito da ke bayan kicin, ya rufo ƙofa.

Da safe Baba ya fito da sandarsa kamar kullum. Ya isa ƙarshen baranda ya miƙa hannunsa mai bandeji, hannun bai samu komai ba. Abin da ya rage a wurin shi ne shatin tsatsa guda biyu a siminti da tabon baƙin mai. Ya ɗan bubbuga wurin da sanda. Ya dubi bango, ya dubi rufi, ya dube ni. Sai ya koma ɗakinsa, ya fito da riguna biyu a naɗe cikin tawul.

"Yarinyar nan, na gode da ɗawainiya. Ki gaya wa masu gidan zan wuce, kada a neme ni a gida."

"Baba, ai nan ne gidanku."

Ya yi mini murmushin da ake yi wa yaro in ya faɗi shirme, ya nufi ƙofar gida. Daga ranar na kulle get, na rataya makullin a wuyana da zare. Ko banɗaki zan shiga sai na bar ƙofar a ɗan buɗe don in riƙa jin takun sandarsa.

Shi kuwa mijina ya tare a sito. Da ya dawo daga garejin da yake aiki, sai ya canza riga ya shige. Ya warware besfar nan kaf, ya jera kayanta a kan buhu. Notocin da suka ƙi juyawa ya riƙa ɗiga musu kananzir yana lallashinsu da sifana, wai in ka yi musu ƙarfi karyewa suke yi a ciki. Ƙananan ƙarafa ya zuba su a rabin jarkar da ya yanka, ya kwarara musu ruwan kal, wannan mai tsami, har ya sha kansu. In sun kwana biyu sai ruwan ya koma kamar na kududdufi, shi kuma ya tsamo su ɗaya-ɗaya ya bi su da burushin waya, ya wanke da ruwan soda, ya shanya, ya shafa musu mai tun ba su sha iska ba. Cokalina na miya ma bai tsira ba, da shi yake kankare lungu. Tankin mai kuwa ya cika masa ciki da tsofaffin kusoshi da kananzir, ya rungume shi yana girgizawa, ƙarar na cika gidan har maƙwabciyata ta aiko tambaya ko lafiya. Abin da ya riƙa juyewa daga tankin nan ja ne wur, mai kauri.

Gangar jikin ita ce babbar rigima. Da ya sa injin gurza a inda ake ɗora ƙafa, sai ƙarfen ya riƙa ɓulewa, har ya zama kana hango ƙasa ta cikinsa kamar rariya. Kowace huda sai ya yanke ta ya kai wa mai walda ya toshe da sabon ƙarfe. Jar ƙura ta bi ta ƙarƙashin ƙofa ta hau mini kwanuka, ta hau shanya, ta shiga gashin girarsa. In na kai masa abinci sai in tarar da na jiya bai taɓa ba.

"Saura ƙiris," yake ce mini kullum. Ƙiris ɗin nan ta fi igiyar rijiya tsawo.

A wannan tsakanin Baba ya rame. Ya daina cin abinci sai na ce masa masu gidan za su ji haushi. Kullum tawul ɗinsa na naɗe a cinya, yana zaune a kujerar da ke fuskantar get, kamar mai jiran mota a tasha. Rannan mai kawo mana tukunyar gas ya zo, na buɗe masa, na juya in nuna masa inda zai ajiye. Da na waigo kujerar ba kowa.

Layinmu gangare ne, kuma a ƙarshensa babban titi ne da manyan motoci ke wucewa ba dare ba rana. Na fita ba takalmi. A can ƙasa, dab da kwalta, na tarar da mai facin tayar da ke bakin titin ya riƙe Baba a hannu yana ja masa hira, wai ya ɗan jira motar garinsu ba ta iso ba. Allah ya saka wa mutumin nan da alheri. Ni dai na zauna a kan wata tsohuwar taya sai da numfashina ya dawo.

Labari ba ya kwana bai kai wa Yaya ba. Ta zo, ta tsaya a ƙofar sito ta toshe hanci da mayafi.

"Ranar Asabar zan zo da mota in tafi da shi. A wurina bene ne, ƙofar ƙarfe ce, ba inda zai je."

"Yaya, in kika kai shi can ko ke ba zai sake ganewa ba. A ɗaki za ki kulle shi."

"Gara in kulle shi da in je in ɗauko shi a ƙarƙashin tirela. Kai ka zauna kana goge ƙarfe."

Mijina ya ci gaba da gurza. Da ta tafi na ce masa ya haɗa ta haka nan, ko ba fenti, ya mayar da ita baranda. Ya nuna mini ƙarfen da ya goge har yana ɗaukar ido, ya ce in ya bar shi tsirara, kafin kwana uku tsatsa ta dawo, duk wahalar ta tashi a banza. Na ce ni wahalar da na sani tana zaune a bakin get da tawul a cinya. Ranar mun faɗa wa juna maganganu, kuma ban janye ko ɗaya ba.

Da na ce zan ci nasara a kansa, sai Baba da kansa ya ɓata mini shiri. Wata la'asar ƙarar sanfefa ta ja shi, ya tura ƙofar sito. Na biyo shi da sauri, don na ɗauka in ya ga besfarsa a wargaje zai yi ihun ɓarawo. Ashe bai gane ta ba. Ya tsaya yana kallon gangar jikin a kife a kan benci, ba taya ba kujera, ga mijina tsugune da ƙyalle a hanci.

"Sannu da aiki, malam. Mai wannan ya yi sakaci."

"Ya yi, Baba," in ji mijina a hankali.

Baba ya matso ya sunkuya. Ya kalli yadda yake goge murfin gefe, wannan mai kumburi da ke rufe inji, sai ya girgiza kai. Ya ɗora hannunsa mai tabon ɗinki a bayan hannun mijina.

"Kada ka danne. Ka bi kwanciyar ƙarfen, ka zagaya da shi. In ka danne za ka yi masa rami."

Suka yi ta zagaya sanfefar tare, hannu a kan hannu. Ba su daɗe ba Baba ya gaji, ya miƙe ya tambaye ni ko motarsa ta iso. Amma shi mijina ya gama samun abin da yake nema. Ya zare ƙyallen daga hancinsa, idanunsa sun kawo ruwa.

"Kin ji? Haka yake ce mini ina yaro in muna wanke ta. Yana nan ciki, wallahi yana nan. Saura ya gan ta a tsaye."

Sai na ji ni ma wani ɓangare na zuciyata ya fara yarda.

A ƙarƙashin kujera, inda rana da ruwa ba su taɓa kaiwa ba, ya samo ainihin launinta, wani kore mai haske kamar ɗanyen mangwaro. Ya yanki ɗan guntun ya tafi da shi gareji ya haɗa fenti har sai da ya kasa bambance su. Ya kwashe kayan duka ya koma da su can, saboda feshin fenti. Ni na zaci jikin kawai zai gyara. Sai rannan na ga ya dawo da warin fetur a rigarsa da sabon kwalin fulogi a aljihu.

"Baban yara, ba dai injin ma ka tayar ba?"

"Ƙararta zai fi tunawa. Duk unguwa da ƙarar nan ake sanin Baba ya dawo. Zan kunna masa ya ji, in kashe, shi ke nan."

"Ka dai san wanda za ka kunna wa."

"Mutumin da ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa? Haba ke kuwa."

Asabar ta zo bai gama ba. Yaya ta iso da hantsi, ta sa direbanta ya tsaya a waje, ta shiga ɗakin Baba ta fara zuba kayansa a akwati. Na kira mijina a waya na ce in yana da abin nunawa to yanzu ne. Ba a jima ba na ji yana buga get. Na buɗe masa duka ɓangarorin biyu, ya turo ta ciki da hannu, gumi ya jiƙa masa baya.

Gaskiya ta yi kyau. Ni da na tsani besfar nan sai da na riƙe baki. Fentin na sheƙi, madubin na walƙiya, sabuwar kujera baƙa wuluk, ko ɗigon ja babu a jikinta. Ya kafa ta a tsakar gida, ya goge wani wuri da gefen rigarsa, ya ce in fito da Baba.

Baba ya fito da tawul ɗinsa a hammata. Yana ganinta ya tsaya cak. Tawul ɗin ya zame ya faɗi, rigunan suka warwatse, bai ko kalle su ba. Ya jingine sandarsa a bango, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya taka ya zagaya ta. Fuskarsa ta washe har na ga haƙoran da suka rage masa. Yaya ta fito da akwati a hannu ta tsaya a baranda.

Mijina ya je gabanta ya ɗan rusuna, ya dafa wurin ɗora ƙafa.

"Baba, kun gane ta? Kun tuna wa yake tsayawa a nan?"

Baba bai dube shi ba. Ya sunkuya ya murɗa makunnin mai da ke ƙasan kujera, ya ja cok, ya riƙe kanta da hannu biyu, ya ɗora ƙafa a kik. Bugun farko ta yi tari. Na biyu ta kama. Ƙararta ta cika gidan, shuɗin hayaƙi ya tashi, mijina ya waigo ya dube ni yana dariya kamar ƙaramin yaro.

"Baba, ni ne. Ku dube ni."

"Matsa mini, malam, na makara."

Kafin maganar ta gama shiga kunnenmu ya hau, ya tura ta ta sauka daga kan ƙafarta, ya matse kuloci ya murɗa giya da hannun hagu. Hannun da ba ya iya riƙe cokali sosai, ranar bai yi kuskure ko ɗaya ba. Mijina ya kai hannu zai kama madubi, santsin sabon fenti ya kuɓuce masa. Get kuwa a buɗe yake wangam, ni na buɗe shi, ga makullin a wuyana.

Muka bi shi. Mijina na gaba, ni ina biye, Yaya na kiran sunan Allah a bayanmu. Baba ya karya kwana ya miƙi gangaren, zaune ƙyam, rigarsa na kaɗawa. Na ji ya sa giya ta biyu.

"Birki," in ji mijina cikin haki, ba tare da ya waigo ba. "Wayoyin sababbi ne. Na zura su ban ɗaure ba."

Daga inda nake ina hango bakin titi, ina hango manyan motoci na giftawa ɗaya bayan ɗaya. Wata mata ta fizge ɗanta daga hanya. Na ga ƙafar Baba ta dama ta taka birki, ta sake takawa, ta sake takawa. Besfar ba ta ko rage ba. Mai faci ya miƙe daga bencinsa ya shiga tsakiyar layi yana ɗaga hannuwa, sannan ya yi tsalle gefe da ya ga ba tsayawa za a yi ba. Na so in rufe ido, idon ya ƙi rufuwa.

Sai na ji injin ya yi wani irin kuka. Baba ya mayar da ita giya ta ɗaya, tayar baya ta ja ƙasa, ƙura ta tashi. Ya sauke ƙafafunsa biyu yana jan su, takalminsa ɗaya ya fita. Ya karkatar da kanta zuwa tulin yashin da masu gini suka zube a gefen shagon faci. Tayar gaba ta nutse, injin ya mutu, ita da shi suka kwanta a hankali ta gefen dama. Wata motar siminti ta wuce a gabansu, iskarta ta ɗauke masa hula.

Mijina ya isa ya ɗaga besfar ya jefar gefe kamar ba shi ya ɓata makonni a kanta ba. Ya tallafo uban nasa yana laluba masa kai da haƙarƙari da ƙafafu. Gwiwa ce kawai ta kurje, sai yatsun ƙafa da suka ɗaye. Baba ya ture hannunsa, ya dubi murfin gefen da dutse ya karce tun daga sama har ƙasa, ya yi tsaki.

"Wane ne ya ɗaure birkin nan?"

Mai faci ya kawo masa hularsa da takalminsa, muka hau gangaren a hankali, mijina na tura besfar, Baba na dafe da kujerarta ya ƙi saki.

A gida na wanke masa ciwon na sa magani. Yaya ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta miƙa wa direba akwati, ta zo ta kama hannun Baba.

"Baba, ku taso mu tafi."

Ya fizge hannunsa ya riƙe kan besfar, wadda mijina ya mayar ƙarshen baranda.

"In tafi ina? In bar gidana in bi ki? Ke 'yar wace ce?"

Ta sake gwadawa, ya ɗaga mata murya. Yaya ta daɗe a tsaye tana kallonsa, sannan ta share ido da bakin mayafi ta juya wurin ƙanenta.

"Zan bar shi. Amma abin nan ba zai sake tashi ba, har abada. A gabana za ka kashe shi."

Na ja Baba ɗaki da sunan canza masa wando. Ta taga na ga mijina ya buɗe murfin gefe, ya kwance sabon fulogin da ya saya, ya ɗaura tsohon da ya mutu tun kafin aurena, ya mayar da murfin. Sabon ya jefa shi a aljihu. Yaya ta sa aka dawo da akwatin, ta shiga mota ta tafi.

Ranar Baba ya ci abinci har ya nemi ƙari. Tawul ɗin ma na ɗauke na wanke bai tambaya ba.

Washegari da safe ina haɗa shayi na ji ƙarar kik. Na leƙo. Baba ne, ya murɗa mai, ya ja cok, yana bugawa. Ya buga, ya huta, ya sake bugawa, har gumi ya tsattsafo masa a goshi, gwiwar da na ɗaure ta fara jini ta cikin bandejin. Mijina ya fito cikin kayan aiki zai tafi gareji, ya tsaya a gefensa, hannunsa ɗaya a cikin aljihu.

"Baba, ku huta haka. Ƙafarku."

Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ga fentin da ke jikin rigarsa.

"Kai ne ka yi gyaran nan?"

"Ni ne, Baba."

"To ka cuce ni. Ka yi mata kwalliya ka bar ta ba rai, jiya kuma ka so ka kashe ni." Ya numfasa, ya dafa kujerar. "Ina da ɗa, irin aikinku yake yi. Da shi ya taɓa ta, da bugu ɗaya za ta tashi. Duk garin nan ba mai hannunsa, tun yana ƙarami na gane haka. Ban dai taɓa gaya masa ba, kada kansa ya kumbura." Ya juyo wurina. "Yarinyar nan, a kira mini ɗana ya zo ya duba ta."

Na dubi mijina, ina jira ya fito da abin da ke aljihunsa ko ya faɗi wani abu. Bai fito da hannun ba. Ya durƙusa ya gyara wa Baba bandejin da ya zame da ɗaya hannun.

"To, Baba," in ji shi. "Za a kira shi."